Mubi: Yadda Iyaka Da Kotu Suka Sauya Hannu



Matasanmu da yawa ba su san cewa Mubi ba ta cikin Najeriya ranar samun 'yancin kai a 1960 ba. Ga yadda abin yake.

Bayan jihadin Modibbo Adama, ƙasar Mubi ta shiga ƙarƙashin Fombina, alƙalai suna hukunci da shari'ar Musulunci, Fali da Gude kuma suna sasanta rigingimunsu a gaban dattawansu. A 1903 Jamusawa suka kama garin, suka haɗa shi da Kamaru. Turawan Ingila suka ƙwace shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma daga 1922 suka riƙe yankin a matsayin amana, ana tafiyar da shi ta hannun En'e ta Adamawa da ke Yola.

A ƙuri'ar raba gardama ta 1959 iyayenmu suka zaɓi a jinkirta. A ta Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, ranar 1 ga Yuni aka tabbatar da haka. Aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Daga nan sai Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991.

Kotuna ma sun sauya. A 1968 aka cire kotunan alƙali daga hannun En'e, aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Dokar filaye ta 1978 kuwa ta ɗora amanar ƙasa a hannun gwamna.

Yau garin na tsakanin ƙananan hukumomi biyu. Lokuwa, Yelwa, Kolere da Sabon Layi suna Mubi ta Arewa. Lamorde da Nasarawo suna Mubi ta Kudu, mai hedikwata a Gella.

Wannan tarihi yana da amfani ranar rikicin gado ko na fili. Gida ɗaya kan iya mallakar takardar alƙali, rasit na En'e da shaidar ƙaramar hukuma, kowacce da hatimin hukuma daban. Mamayar Boko Haram ta 2014 ta nuna mana yadda mutum ke fita daga gidansa ba tare da ya ɗauki ko takarda ɗaya ba.

Don haka duk mai irin waɗannan takardu ya ɗauki hotonsu, ya ajiye kwafi wurin ɗan uwa a wani gari. A kuma zauna da dattawan unguwa a rubuta iyakokin gonaki tun suna raye.

Allah ya ƙara wa Mubi zaman lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya