Masu Hoton Sabo da Nagatif Ɗin da Suka Tafi da Shi

Duk gidan da ya daɗe a Sabon Ibadan, in ka shiga ɗakin tsohuwa za ka tarar da shi, ko a jikin bango cikin gilashi, ko a ƙasan adaka naɗe a leda: hoto baƙi da fari, maigida zaune da babbar riga, hannuwa bisa gwiwa, an ɗan janye hannun riga don agogo ya fito. Juya bayan katin. Galibi za ka ga hatimin situdiyo da shuɗin tawada, sunan na Bayarabe ne, adireshin kuma Mokola ko Ekotedo ko Dugbe.

Ba abin mamaki ba ne. Lokacin da aka keɓe wa Hausawa unguwar nan a 1916, sana'ar hoto ta riga ta yi saiwa a Kudu. Jonathan Adagogo Green na Bonny ya yi aikinsa ya bar duniya tun 1905. Solomon Alonge ya buɗe situdiyonsa a birnin Benin a 1942, shi kuwa Ojeikere, wanda duniya ta sani da hotunan kitso, a nan Ibadan ya kama aikin gwamnati a 1954, daga ɗakin wanki ya fara. Mu namu kakannin goro da shanu ne suka kawo su. Baturen nan Abner Cohen da ya zauna cikinmu a 1962 zuwa 1963, littafin da ya fitar a 1969 cike yake da fatoma da dillalai da malamai. A harkar hoto kuwa mu masu saye ne kawai.

Amma fa masu sayen gaske. Baƙo ya fi ɗan gari buƙatar hoto, don shi ne ke da uwa a Kano ko Katsina ko Maraɗi wadda ta shekara biyar ba ta sa shi a ido ba. Wasiƙa sai an nemo mai karantawa, hoto kuwa kowa ya iya karanta shi. A ba direban motar goro, ko wanda zai hau jirgin ƙasa a Dugbe, a ce ya kai gida su ga ana nan lafiya, har an yi ƙiba. Ko rigar aro ce, to, wa zai faɗa? Da hoto aka nuna wa kakanni jikokin da aka haifa a Kurmi, da shi kuma aka daidaita aure da yawa tsakanin nan da Arewa. Akwai dattawan da har suka koma ga Allah ba su yarda sun tsaya gaban kyamara ba, don malamansu sun hana, sai in aikin Hajji ya tilasta musu hoton fasfo. A ɗakunan wasu kuma, hoton farko da ya hau bango na Shehu Ibrahim Inyass ne.

Mai hoton talaka a wancan zamani shi ne mai akwati. Akwatin katako ne bisa ƙafa uku, da baƙin ƙyalle, yakan kafa shi a bakin kasuwa ko kusa da gidan waya. Akwatin shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wanki: a ciki akwai ƙananan tasoshi biyu na magani. Ya buɗe murfin gilashi ya ƙirga a zuci ya rufe, ya zura hannu ta hannun riga ya wanke takardar a ciki. Abin da zai fito juyayye ne, fuska fara fat, riga baƙa. Sai ya manna shi a katako gaban kyamarar ya sake ɗauka, nan ne mutum zai fito a kamanninsa. Kana tsaye za ka karɓi abinka da ɗanshinsa.

Na situdiyo ya fi wannan daraja. Yana da kyamara irin su Yashica ko Rolleiflex mai cin hoto 12 a fim guda, yana da ɗakin duhu a bayan shago. Fim ɗin kansa cikin duhu ƙirin ake wanke shi, jar fitilar nan da yara ke leƙowa su gani ta lokacin buga kati ce. Magani na farko ya fito da hoton, na biyu ya tsayar, na uku ya kafe shi, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Wanda aka yi wa ha'inci wajen ɗaurayar nan, shi ne hotonsa ya koma ruwan ƙasa yau. Duk sirrin sana'ar yana cikin ɗakin nan, kuma ba a shigarsa sai an yi shekaru ana bauta wa maigida. Shi ya sa yaranmu suka daɗe a waje.

Hoton kala ne ya buɗe ƙofar. Tsarin wankin kala da Kodak ya fitar a 1972, wanda ake kira C-41, yana son zafin maganin ya tsaya daidai wajen digiri 38, abin da ba ya yiwuwa da tasa da fitilar kwano. Sai inji. Da injinan wanki suka yawaita a shekarun 1980, wankin ya bar hannun mai situdiyo ya koma lab, kowa ya kai nasa ya biya. Daga nan duk yaron da ya samu kyamara da filasha ya zama mai hoto, ba shago, ba maigida. Namu kuma suna da abin da na Mokola ba su da shi: ɗan unguwa ne, an san uwarsa, ana iya barinsa ya shiga cikin gida ranar suna ko kamu, inda baƙon namiji ba ya taka ƙafa. Mafi yawan hotunan iyayenmu mata daga wannan lokaci suka fara.

Kada a ɗauka sana'ar daɗi ce. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, ko 24, kuma da kuɗinsa zai saya, da kuɗinsa zai wanke, mai hoton kuwa sai ya gani ya biya. In ka ɗauki hoto ranar Talata fim bai cika ba, sai ka jira bikin Asabar. In an wanke ka ce ka fito baƙi ba ka so, asararsa ce. Jakar kowane mai hoto cike take da katunan da ba a karɓa ba. Wasu sukan ɗauka a wurin biki, su ruga lab, su dawo kafin a watse su baza katunan a tabarma kowa ya nemi fuskarsa. Babban tashin hankali kuwa shi ne a ce fim ya ƙone. Ko murfin kyamara ya buɗe, ko maganin lab ya tsufa, ko wuta ta ɗauke fim yana cikin inji. Lab ba ya biyan komai, iyaka ya ba ka sabon fim, kai ne za ka je ka tsaya gaban uwar amarya. Akwai aurarraki a unguwar nan da ba su da hoto ko ɗaya saboda haka, kuma har yau ba a manta wanda ya ɗauka ba.

Komai na sana'ar daga waje yake zuwa, fim da kati da magani. Da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986, dalar da ke kusan kai ɗaya da naira ta haura naira huɗu, kuɗin wanki ya tashi, masu biki kuwa ba su ƙara ko kwabo da son ransu ba. Duk da haka an lallaɓa har shekarun 1990, lokacin da hoton Sallah ya zama kamar wajibi ga kowane saurayi. Wayar salula ta shigo a 2001, ba a jima ba ta zo da kyamara a jikinta. A 2012 kamfanin Kodak da kansa ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Namu masu hoton wasu suka koma bidiyon biki, wasu acaɓa, wasu suka tattara suka koma Arewa.

Ga inda abin ya shafe mu. A al'adar sana'ar, kati naka ne, nagatif na mai hoto ne, don da shi zai sake cin kuɗinka in kana son ƙari. Ma'ana, fuskokin Sabo na shekara sittin ko fiye, naɗin sarauta da saukar karatu da tarbar alhazai, asalinsu yana hannun mutanen da suka mutu ko suka tashi. Damunar Ibadan kuwa ba ta raga wa nagatif. Fumfuna na cin sa, yana manne wa juna, tsohon yana fara warin tsami sannan ya lanƙwashe. Mun ji inda magada suka share shago suka zuba buhu guda a bola, ba da mugunta ba, ba su san ko mene ne ba.

Don haka duk wanda mahaifinsa ko yayansa ya yi wannan sana'a, a duba saman sif da ƙarƙashin gado kafin damuna ta sake faɗuwa. In an samu, kada a wanke da ruwa, kada a shanya a rana, a fitar da shi daga leda a sa a ambulan na takarda a wuri busasshe. Katunan da ke hannunmu kuma a kai wa tsofaffi tun suna gani, su faɗi wane ne wannan, ɗan wa ne, wace shekara, a rubuta a baya da fensir. Biro yana huda kati.