Talla a Bakin Gadon Mai Jego

A shekarar 1939, likita Cicely Williams ta tsaya gaban 'yan ƙungiyar Rotary a Singapore ta gabatar da jawabi a kan madara da kisan kai. Ita ce wadda tun da farko, lokacin da take aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bayyana wa duniyar likitanci cutar kwashiyoko. Ƙorafinta shi ne jarirai na mutuwa saboda an shawo kan iyayensu mata sun bar shayarwa sun koma ga madarar gwangwani.

Shekaru sun shuɗe kafin a saurare ta. A tsakanin nan kamfanoni suka faɗaɗa kasuwa zuwa Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, kuma ba su tsaya ga rediyo da allunan bakin hanya ba. Sun tura mata 'yan talla sanye da kaya irin na ma'aikatan jinya zuwa ɗakunan haihuwa da gidajen masu jego, suna raba gwangwanin gwaji kyauta.

Kyautar nan tarko ce. Jikin uwa yana samar da nono ne gwargwadon tsotson jariri, don haka idan aka ɗora yaro a kan bulumboti, nonon sai ya ragu. Kafin gwangwanin kyauta ya ƙare, uwa ta riga ta zama mai saye dole. Madarar kuwa tana buƙatar tafasasshen ruwa da tsabtataccen bulumboti, ga tsada. Inda babu ruwa mai tsabta, sai gudawa ta biyo baya. Inda kuɗi ya gaza, sai a tsinka madarar da ruwa, tamowa ta shigo.

A 1974 ƙungiyar War on Want ta Birtaniya ta buga rahoton Mike Muller a kan lamarin. Wata ƙungiya a Suwizalan ta fassara shi da taken da ya zargi Nestlé da kashe jarirai. Kamfanin ya kai ƙara, ya kuma yi nasara a 1976 a kan taken, amma alƙalin ya gargaɗe shi da ya sauya salon tallarsa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a 1978 kuma Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zaman bincike a Majalisar Dattawa. Daga ƙarshe, a 1981, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, da raba ta kyauta ga iyaye mata, da tallata ta a asibiti. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi.

Ƙa'idar ba ta haramta madarar kanta ba, domin maraya da jaririn da uwarsa ta kasa shayarwa suna buƙatarta. Abin da ta tsawatar a kai shi ne wuri da lokaci da sutura. Wanda ya shiga kasuwa ya san zai gamu da mai talla, ya kuma shirya taya farashi. Mai jego a kan gadon asibiti ba ta shirya ba: ta gaji, tana fargabar ko nononta zai ishi ɗanta, kuma wadda ke ba ta shawara ta ari rigar da ake amincewa da ita.

Yau 'yar tallar ta koma cikin waya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022, wanda ya haɗa ƙasashe takwas har da Nijeriya, ya nuna yadda kamfanoni ke bin masu juna biyu ta intanet da kuma ta hannun ma'aikatan lafiya. Ƙa'idar 1981 an rubuta ta ne a zamanin da mai talla sai ya ƙetare ƙofar asibiti da ƙafarsa. Aikin da ke gaban hukumomi irin su NAFDAC shi ne tsare ƙofar da babu maigadi a bakinta.