Tafiyar Yamai, jiya da yau

Mu da muka tashi a Maraɗi ba mu manta da wahalar zuwa Yamai ba kafin salula ta iso. Mutumin Tibiri ko Jiratawa a tasha yake kwana don kada motar asuba ta bar shi, kuɗinsa ɗaure cikin lalita. Celtel ta shigo Nijar a 2001, ta zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Yau da kira ɗaya muke sanin lokacin tashi, guzuri kuwa ta MyNita ake turo shi, mu karɓa a Ƙwanni ko Doso. Hanyar dai ba ta ragu ba, kilomita sama da 600 ce. Amma fa in rezo ya ɗauke, ko tsohuwa ba ta karatu, sai dai a koma tashar.