Yawan mai daban, matsin mai daban: tarihin agogon baƙin mai a motocin gudu

Wanda ya leƙa gaban direba a tsohuwar Porsche 911 zai ga agogo biyar a jere. A yawancin waɗannan motoci, allura uku na baƙin mai ne kaɗai: ɗaya ta yawansa, ɗaya ta zafinsa, ɗaya ta matsinsa. Me ya sa mai guda zai buƙaci masu tsaro har uku? Amsar tana cikin tarihin inji, kuma ta shafi duk mai mota da duk uban da ya kai ɗansa koyon aiki gareji.

Motocin farko ba su san matsin mai ba. Ford Model T, wadda aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, ba ta da famfon mai, ba ta da sandar awo. Juyawar injin ce ke fantsama mai ga ƙarafa. Direba kan durƙusa ya buɗe ƴan makunnai biyu a ƙasan injin: in mai ya ɗigo ta na sama, ya isa, in bai ɗigo ko ta na ƙasa ba, akwai haɗari. Tambayar zamanin guda ce: mai nawa ya rage?

Da injuna suka ƙara sauri, fantsamawa ta kasa. Sai aka sa famfo mai tura mai ta ƴan hanyoyi, ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su gogi juna. Nan tambaya ta biyu ta taso: man yana isa inda ake bukatarsa da ƙarfi? Abin awon kuwa ya girmi mota. A 1849 Eugène Bourdon, injiniya a Faransa, ya yi rajistar wani lanƙwasasshen bututu mai toshe a baki ɗaya, wanda ke ɗan miƙewa in abin da ke cikinsa ya matsa, ya ja allura. Shi ne a cikin agogon Smiths na motocin gudun Ingila irin su MGB ta 1962, inda siririn bututu ke kawo mai daga inji har bayan agogon.

Karanta wannan allura sai da sani. Da safe mai yana da kauri, sai ta hau sama. In inji ya yi zafi mai ya tsinke, sai ta sauko, musamman in ba a taka totur ba. Wannan ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne ta kasa tashi alhali inji na gudu, don alama ce ta ƙarafa sun cinye ko famfo ya gaji, ko da mai cike yake. Akasin haka ma na faruwa: mai ya yi ƙasa, allura na nuna lafiya, sai an sha kwana da gudu man ya karkata gefe, famfo ya zuƙi iska, ta faɗi.

Porsche 911, wadda aka fara nunawa a Frankfurt ta Jamus a 1963, ta kauce wa matsalar kwana ta hanyar ajiye mai a tanki na daban. Da yake iska ke sanyaya injinta, man ma na ɗaukar zafi, shi ya sa yake da yawa. Sai dai agogon yawan mai ba ya faɗin gaskiya sai inji ya yi zafi, yana aiki, mota na tsaye a wuri mai daidai. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar mai ya ragu, ya ƙara, ya wuce kima, mota ta kama hayaƙi. Matsi kuwa, masu irin wannan mota kan nemi kusan bar 1 ga kowane juyi 1000 a minti.

Tun shekarun 1930 kamfanin Hudson na Amurka ya fara sa fitila a madadin allura, kuma daga baya yawancin masu ƙera mota suka bi sahu. Fitila ta fi arha da sauƙin gani, amma ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa.

Jar fitilar nan mai hoton butar mai da ke motocinmu a yau jikar agogon matsi ce, ba ta yawan mai ba. Wanda ya gan ta a hanyar Maradi zuwa Damagaram ya ce zai ƙara mai in ya isa gari, yana iya rasa injinsa cikin ƴan mintoci. A tsaya, a kashe inji, sannan a bincika. Ƴan uwa malamai, in darasin matsi ya zo a aji, ga misali da yara ke gani kullum. Iyaye kuma, ku tambayi yaronku na gareji bambancin yawa da matsi. Amsarsa za ta nuna muku inda koyonsa ya kai.