Suna Linzami: Shekara Bakwai Kafin Kotun Kanada Ta Kira Kisan Musulmi Ta'addanci

A daren Lahadi, 29 ga Janairu 2017, jim kaɗan bayan an idar da sallar isha'i, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 27, Alexandre Bissonnette, ya kutsa babban masallacin birnin Quebec na ƙasar Kanada riƙe da bindiga. Cikin 'yan mintuna ya kashe mutum shida, ya jikkata wasu da dama. Mamatan duk magidanta ne: biyu 'yan asalin Aljeriya, biyu 'yan Gini, ɗaya ɗan Maroko, ɗaya ɗan Tunisiya. Tun kafin gari ya waye Firaminista Justin Trudeau ya kira abin da ya faru harin ta'addanci a kan Musulmi. Amma ranar da aka gurfanar da makashin, babu kalmar ta'addanci a takardar tuhuma. Laifin kisan kai da gangan guda shida aka ɗora masa tare da yunƙurin kisa, wanda daga baya adadinsa ya kai guda shida.

Wannan giɓi tsakanin furucin shugaba da rubutun mai gabatar da ƙara shi ne tushen muhawarar da Kanada ta yi shekara bakwai tana tafkawa. Fahimtarta na buƙatar a koma ga asalin dokokin biyu da ake jayayya a kansu.

Laifin ƙiyayya shi ne ya riga shiga kundi. Tun a 1970 Kanada ta haramta yaɗa farfagandar ƙiyayya ga wata al'umma. A tsakiyar shekarun 1990 aka ƙara sashe na 718.2 a kundin laifuffuka, wanda ya umarci alƙali ya tsananta hukunci idan an tabbatar cewa ƙin addini ko launin fata ko ƙabila ne ya ingiza mai laifi. Wato a shari'ar kisan kai, ƙiyayya ba tuhuma ba ce mai zaman kanta. Dalili ne da ake aunawa a ranar yanke hukunci.

Dokar ta'addanci kuwa 'yar firgici ce. An zartar da ita a Disamba 2001, wata uku bayan harin 11 ga Satumba a Amurka. Sashe na 83.01 ya ɗora ma'anar ta'addanci a kan ginshiƙai biyu: aikin ya kasance domin wata manufa ta siyasa ko addini ko aƙida, kuma a yi shi da niyyar tsorata jama'a ko wani ɓangare nasu, ko tilasta wa hukuma. Bambancin ke nan a taƙaice. Mai laifin ƙiyayya ya zaɓi wanda zai cuta saboda abin da mutumin yake. Ɗan ta'adda kuwa gawa ce wasiƙarsa, masu rai ne yake aika wa.

A rubuce, dokar ba ta ambaci wani addini ba. A aikace, fuskarta ɗaya ce tsawon kusan shekara ashirin. Mutum na farko da aka tuhuma a ƙarƙashinta shi ne Momin Khawaja, wanda aka samu da laifi a 2008. A 2006 aka yi kamen da ya yi suna da “Toronto 18”. Galibin shari'o'in da suka biyo baya na masu alaƙa da al-Qa'ida ne ko ƙungiyar IS. Sannu a hankali kalmar ta manne wa Musulmi, har kunnen jama'a ya saba jin ta tare da suna irin na Larabci kawai. Daren Quebec ma ya nuna hakan: 'yan sanda sun kama wani masallaci ɗan asalin Maroko da ke ƙoƙarin taimakon waɗanda aka harba, tashar Fox News ta Amurka ta yaɗa cewa wanda ake zargi ɗan Maroko ne, sai da ofishin Firaminista ya nemi ta janye saƙon.

To me ya hana a tuhumi Bissonnette da ta'addanci? Masana shari'a sun kawo dalilai. Kisan kai da gangan ya riga ya ɗauki hukunci mafi tsanani a ƙasar, wato ɗaurin rai da rai, don haka ƙarin tuhuma ba ya ƙara ko kwana ɗaya. Tabbatar da aƙidar da ke cikin zuciyar mutum ya fi tabbatar da harbi wuya. Kuma yawancin sassan dokar an tsara su ne domin ƙungiyoyi, shi kuwa shi kaɗai ya aikata. Musulmin Quebec ba su gamsu ba. Shi da bakinsa ya shaida wa 'yan sanda cewa labarin Kanada za ta karɓi ƙarin 'yan gudun hijira ne ya tunzura shi, kwana biyu bayan Donald Trump ya sa hannu a dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka. Idan wannan ba manufar siyasa ba ce, suka tambaya, mece ce?

Ya amsa laifinsa a Maris 2018. A Fabrairu 2019 Mai Shari'a François Huot, wanda ya bayyana cewa tsananin ƙin Musulmi baƙin haure ne ya motsa shi, ya yanke masa rai da rai, ba zai nemi a sake shi ba sai bayan shekara 40. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 25, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Mayu 2022.

A tsakanin nan duniya ta motsa. A 15 ga Maris 2019 wani mai aƙidar fifita farar fata ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch, kuma New Zealand ta tuhume shi da ta'addanci ƙarara. A Yuni na shekarar, karo na farko, Kanada ta sa ƙungiyoyin masu wannan aƙida, Blood & Honour da Combat 18, a jerin ƙungiyoyin ta'adda. A Fabrairu 2021 ta ƙara da Proud Boys da wasu. Hukuma ta fara yarda cewa barazanar tana da fuska fiye da ɗaya.

Sai ga ranar 6 ga Yuni 2021. A garin Landan na lardin Ontario, wanda ya ci sunan Landan ta Ingila, wasu iyali 'yan asalin Pakistan sun fita tattakin yamma. Suna tsaye a bakin titi suna jiran tsallakawa, Nathaniel Veltman, ɗan shekara 20, ya hau kansu da motarsa a-kori-kura. Kaka mai shekara 74 ta rasu, da ɗanta, da matarsa, da 'yarsu mai shekara 15. Yaro ɗan shekara tara ne kaɗai ya tsira, da munanan raunuka. Veltman bai san su ba. Shigarsu ce ta nuna masa Musulmi ne. An kama shi sanye da hular kwano da rigar sulke. Ya bar rubutaccen bayanin aƙidarsa, ya kuma faɗa wa 'yan sanda cewa makashin Christchurch ne abin koyinsa.

Bayan kwana takwas masu gabatar da ƙara suka sanar da cewa za su bi shari'ar a matsayin ta'addanci. An yi zaman a garin Windsor a ƙarshen 2023, kuma shi ne karo na farko da aka gabatar wa masu taya alƙali yanke hukunci a Kanada tambayar ko aƙidar fifita farar fata ta shiga ma'anar dokar 2001. A 16 ga Nuwamba suka same shi da laifin kisa huɗu da yunƙurin kisa ɗaya, amma doka ba ta wajabta musu bayyana hanyar da suka bi ba. Sai a 22 ga Fabrairu 2024 Mai Shari'a Renee Pomerance ta warware: abin da ya aikata ta'addanci ne. Hukuncin kuwa rai da rai, shekara 25 kafin neman saki. Daidai da na Bissonnette.

Idan kurkukun ɗaya ne, me sunan ya ƙara? Bahaushe ya ce suna linzami. Laifin da aka kira ƙiyayya ana iya ajiye shi a matsayin cutar zuciyar mutum guda, a rufe fayil ranar da aka rufe shi a ɗaki. Wanda aka kira ta'addanci yana tilasta wa hukuma ta nemi waɗanda suka rubuta abin da ya karanta, da dandalin intanet da ya rene shi, da masu shirin bin sahunsa. Sunan ne ke nuna inda kuɗin tsaro da idon jami'an leƙen asiri za su karkata. Kuma shaida ce ga al'ummar da aka tsorata cewa saƙon da aka aika mata ya shiga littafin hukuma.

Sai dai a cikin Musulmin Kanada da masu kare 'yancin ɗan Adam akwai masu ɗari-ɗari da wannan nasara. Hujjarsu tarihi ne. Maher Arar, injiniya ɗan Kanada, Amurka ta tasa ƙeyarsa zuwa Siriya a 2002 bisa bayanan ƙarya da 'yan sandan Kanada suka bayar, aka azabtar da shi kusan shekara guda. Sai a 2007 gwamnati ta ba shi haƙuri da diyyar dalar Kanada miliyan 10.5. Duk lokacin da aka faɗaɗa ikon yaƙi da ta'addanci, in ji su, Musulmi ne ke fara ɗanɗana shi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri guda, ko da ba su faɗa ba: ma'auni ya zama ɗaya. Ko dai a taƙaita kalmar ga kowa, ko a zartar da ita a kan kowa. Abin da ba ya karɓuwa shi ne ta dinga duba sunan makashi kafin ta sauka. Hukuncin Pomerance ya tabbatar da cewa dokar 2001 tana iya kallon ɓangare biyu. Amma bai koma baya ya gyara kundin Quebec ba. Tun 2021 Kanada ke tunawa da 29 ga Janairu a matsayin ranar ƙasa ta juyayin harin masallacin da yaƙi da ƙin jinin Musulunci, alhali a takardun kotu, mutumin da ya kashe masallata shida a daren nan mai kisan kai ne kawai, kuma zai iya neman a sake shi a 2042.