Melvin Van Peebles: baƙon Amurka da sai da ya bi ta Paris kafin Hollywood ta buɗe masa ƙofa

In ana zancen baƙaƙen Amurka a harkar fim, sunan da ke fara zo mana a baki shi ne Denzel Washington, wasu su ce Spike Lee. To yau kan wanda ya share musu fage za mu tsaya, mutumin da da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba.

An haifi Melvin a Chicago a 1932, ubansa tela ne. Ya gama jami'a a 1953, ya yi aikin sojan sama shekara uku da ɗoriya, daga nan ya koma San Francisco yana tuƙa taragon cikin gari. A 1957 ya haɗa gajerun fina-finai da ɗan abin da ke hannunsa, ya ɗauka ya nufi Hollywood neman aiki. Babu wanda ya yarda ya damƙa wa baƙar fata kyamara a wancan zamani. Sai ya tattara iyalinsa ya tafi Holan karatu, can ne ma ya ƙara "Van" a sunansa.

Abin ya sauya ne da Henri Langlois, shugaban Cinémathèque ta Paris, ya ga waɗannan gajerun fina-finai ya gayyace shi. Melvin ya zauna Faransa, ya koyi Faransanci da girmansa, ya yi aikin jarida, har da mujallar barkwanci Hara-Kiri. Mu da muka sha bulalar nahawun Faransanci tun muna yara mun san wannan ba wasa ba ne. Sai ya gano wata dama: a ƙa'idar Faransa, marubuci na iya samun takardar izinin bada umarni don ya mai da littafinsa fim. Shi ke nan, ya duƙufa rubuta littattafai da Faransanci. Ɗaya daga ciki, La Permission, shi ya zama fim ɗinsa na farko mai tsawo a 1967: labarin wani baƙin sojan Amurka da aka ba hutun kwana uku, ya haɗu da wata Bafaranshiya, abin da ya ja masa fushin shugabansa. Kusan lokacin ne Oumarou Ganda namu ke haɗa Cabascabo, shi ma labarin soja.

Ga abin dariya: da fim ɗin ya je bikin fina-finai na San Francisco, da sunan Faransa ya je. Hollywood ɗin da ta ƙi shi ta dawo tana nemansa. Kamfanin Columbia ya ba shi Watermelon Man a 1970, labarin wani Bature mai ƙin baƙaƙe da ya wayi gari ya zama baƙi. Tun kafin a fara aka yi ja-in-ja. Kamfanin na son a ɗauki farar fata a shafa masa baƙi, Melvin ya ce sam, baƙi za a ɗauka, aka ɗauki Godfrey Cambridge. Sun kuma so a ƙare da cewa duk mafarki ne, nan ma ya ƙi.

Fim ɗin ya yi kasuwa, hanya ta buɗe, amma gogan naku ya juya baya. Ya ɗauki kuɗinsa, ya ranci dubu 50 wajen Bill Cosby (dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba), ya haɗa Sweet Sweetback's Baadasssss Song cikin kwana 19. Shi ya rubuta, shi ya bada umarni, shi ya tace hotunan, shi ne kuma jarumin. Kiɗan, wasu samari da ba a san su ba tukuna suka buga, Earth, Wind & Fire. Labarin wani baƙi ne da ya ga ƴan sanda biyu fararen fata na jibgar wani matashi ɗan gwagwarmaya, ya far musu, ya shiga gudun tsira har ya ƙetare iyakar Meziko. Ba a kama shi ba, ba a kashe shi ba. Wannan kaɗai, a Amurkar 1971, sabon abu ne.

Hukumar tace fina-finai ta buga masa alamar X, wato sai manya. Shi ko ya rubuta a jikin tallan cewa alƙalai farare zalla ne suka yanke hukuncin. Gidajen sinima biyu kacal suka karɓe shi da fari, ɗaya a Detroit ɗaya a Atlanta. Kafin ka ce kwabo layi ya kai titi, ya tara sama da dala miliyan 10. Huey Newton ya wajabta wa ƴan Black Panthers kallonsa.

In gaskiya za a faɗa, ba fim ba ne da za ka kunna gaban iyali. Tsiraici ya yi yawa, kuma yadda ya nuna mata bai yi mini ba. Ko a lokacin, Lerone Bennett ya caccake shi a mujallar Ebony. Sannan da manyan kamfanoni suka ga akwai kuɗi wajen baƙaƙen masu kallo, sai suka yi ta sako fina-finan ƴan daba da masu sai da ƙwaya: sun ɗauki bindiga da kwalliyar, sun bar zancen ƴanci. Amma abu guda ba a iya ƙwace masa: fim ɗin mallakarsa ne, ribar ma aljihunsa ta shiga.

Daga baya ya sa wasanni biyu a dandalin Broadway, a shekarun 1980 kuma ya shiga dillancin hannun jari a New York. Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur a 2001. Ɗansa Mario, wanda ya yi New Jack City a 1991, ya fito a matsayin uban nasa a wani fim na 2003 kan yadda aka haɗa Sweetback. Melvin ya rasu a gidansa na New York a Satumban 2021, yana da shekara 89.