Yadda Ƙuri'ar Rabo Ta Shiga Ilmin Ƙididdiga



Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu don ya san kyawun dawa. Yakan ɗebi kaɗan ya duba, ya yanke hukunci a kan sauran. Wannan ɗan abin da ya ɗiba shi ake kira samfur. To, amma daga ina zai ɗiba, daga bakin buhu inda mai kaya ya zuba mai kyau, ko kuwa daga ciki? Masana ƙididdiga sun yi fiye da shekara hamsin suna jayayya a kan wannan tambaya.

Cikin 1895, a wani taron masana ƙididdiga na duniya da aka yi a birnin Bern, shugaban ofishin ƙididdiga na ƙasar Norwe, Anders Kiaer, ya kawo shawarar cewa ba lalle ne a ƙirga kowa ba, ana iya binciken wani yanki wanda ya yi kama da al'umma duka. Da yawa daga cikin manyan taron suka ƙi, domin a ganinsu ƙididdiga ba ta tabbata sai an bi mutum ɗaya ɗaya. Shi kansa Kiaer da hankalinsa yake zaɓen garuruwan da zai bincika. Wani masani na Ingila, Arthur Bowley, shi ne ya nuna cikin 1906 cewa idan aka bar zaɓen ga ƙuri'a, irin wadda ake jefawa wajen rabo, to ana iya lissafa girman kuskuren da za a yi.

Hujja mai ƙarfi ta zo cikin 1934, sa'ad da Jerzy Neyman, mutumin Folan, ya karanta wata maƙala a Landan. Ya kawo misalin masana biyu na Italiya, Gini da Galvani, waɗanda suka tsamo gundumomi 29 daga cikin 214 na ƙidayar 1921. Sun zaɓe su da kula ƙwarai, yadda suka dace da ƙasar duka a abubuwa bakwai da suka auna, amma da aka duba waɗansu abubuwan sai aka tarar sun kauce. Watau gwaninta tana tsare abin da mutum ya tuna ne kaɗai, ƙuri'a kuwa ba ta fifita kowa, har a abin da bai tuna ba.

Jama'a ba su ga gaskiyar wannan ba sai a zaɓen shugaban Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika wa mutum wajen miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa, ta ce Landon zai ka da Roosevelt da kashi 57 cikin ɗari. Ashe yawancin sunayen daga littattafan tarho da rajistar motoci ta samo su, a zamanin da talaka ba ya da ko ɗaya, kuma masu ƙin gwamnati sun fi ɗokin amsawa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 daga cikin 48, mujallar kuwa ta mutu cikin 1938. George Gallup, da mutum wajen dubu 50 kawai, ya faɗi wanda zai ci daidai. Amma shi ma ma'aikatansa ke zaɓen wanda za su tambaya, bayan an yanka musu adadin maza da mata da sauransu. Cikin 1948 wannan hanya ta kunyata shi, ya ce Dewey zai ci, sai ga Truman ya yi nasara. Daga nan masu bincike suka riƙa komawa ga ƙuri'a, har ƙasar Indiya ta kafa babban bincikenta na samfur cikin 1950, bisa jagorancin Mahalanobis.

Abin lura ga ma'aikaci shi ne, yawan waɗanda aka tambaya ba ya wanke muguwar ɗiba. Malamin gona da ya auna gonakin bakin hanya kaɗai, ko jami'in lafiya da ya ƙirga waɗanda suka iya zuwa asibiti, ya koma ga littafin tarho na 1936, kuma da rahotonsa za a raba taki da magani. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa alƙaluma, kafin ya sa hannu, sai ya tambaya daga wane jerin sunaye aka ɗebo mutanen, wa ya zaɓe su, kuma su wa suka ƙi amsawa.